Kwalbatin Injiniya Yusha'u

Ku gyara zama ku ji labarin wani dattijo na Unguwar Dosa, wanda har gobe yana nan da ransa da lafiyarsa. Sunansa Malam Yusha'u, amma a wancan lokacin in ka kira shi haka sai ya yi kamar da wani kake. Injiniya yake amsawa.

Shekara talatin da biyar ya yi a wata ma'aikatar ayyuka, a ɗakin ajiye fayil. Yakan ce babu gada ko kwalbatin da aka gina a zamaninsa da takardunsa ba su bi ta hannunsa ba. Wannan kuwa gaskiya ne, don shi ke ɗaukar su daga wannan tebur ya kai wancan. Ranar da ya yi ritaya wani ɗan kwangila ya ba shi kyautar hular kwano ruwan ɗorawa, irin ta masu gini. Tun daga ranar ta zama tasa ta fita. A kan hular zannarsa yake ɗora ta, ya je kasuwa da ita, ya je ɗaurin aure da ita. Sai zai shiga masallaci yake cire ta, ya kife a kan takalmansa.

Yana kuma da makullin tsohuwar Fijonsa, wanda yake gwada ƙarfin gini da shi. Sai ya ƙwanƙwasa bango sau uku, ya kara kunne, ya lumshe ido, sannan ya faɗi yawan simintin da aka sa da shekarun da ginin zai yi. Ya taɓa ƙwanƙwasa bangon shagon mai aski ya ba shi shekara ɗari, ashe katako ne aka shafa wa fenti. Da aka gaya masa, ya ce ai ya sani, mai askin yake gwadawa ya ga ko zai faɗi gaskiya.

To, a bakin layinsu, daf da masallaci, akwai wani lambatu mai faɗi da ya raba su da babban titi. Katakai aka shimfiɗa a kansa tun da daɗewa, har suka ruɓe, masu motoci suka koma zagaye mai nisa kafin su kai ƙofar gidajensu. Da bazara ta shigo, mutanen layin suka zauna bayan la'asar suka yanke shawarar zuba kwalbatin kankare kafin ruwa ya sauka. Gida goma ne, kowane gida ya kawo buhun siminti ɗaya. Alhaji Ja'afaru, wani ma'aikacin gwamnati da ke tsakiyar layin, ya ɗauki nauyin rodi da yashi da tsakuwa.

Limamin masallacin, Malam Zakariyya, mai makarantar allo ne, kuma Bazazzagi. Yusha'u kuwa Bakano ne, don haka wasan da ke tsakanin Kanawa da Zazzagawa bai taɓa barin su zauna lafiya a tabarma ɗaya ba. Shi limamin ne ya kawo shawarar a ba Hafiza duba aikin, wato 'yar Alhaji Ja'afaru, tunda ita injiniya ce ta takarda da ta aiki, kuma a ɗakin gwajin kayan gini take.

Yusha'u ya gyara zaman hularsa, ya ce bai taɓa jin wulaƙanci irin wannan ba. Ya tuna wa jama'a cewa yana nan aka raɗa wa yarinyar suna, shi ya riƙe ƙafar ragon ma. Aka yi ta ba shi haƙuri, a ƙarshe aka raba: shi ne shugaban aiki, Hafiza kuma ta yi gwaji. Ya amince, amma sai da ya miƙe tsaye ya ɗora hannu a kan hular.

"Ku shaida," in ji shi. "In kwalbatin nan ya kasa ɗaukar mota, ku karɓe hular nan, kada kuma wanda ya sake kira na Injiniya."

"Mun shaida," in ji Malam Zakariyya. "Dama moɗar randar masallaci ta tsage."

Ranar Asabar da safe aka fara. An ɗauko Nazifi, wani magini daga Unguwar Shanu da ya shekara ashirin yana zuba kankare, da leburorinsa. Kafinta ya riga ya shimfiɗa katako a kan lambatun ya tokare shi daga ƙasa, an kuma ɗaure rodi. Hafiza ta zo da mayafinta da takalmin aiki, ta durƙusa ta gaida iyayenta maza, sannan ta ba da ma'auni: kowane buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas, ruwa daidai gwargwado.

Da aka kwaɓa na farko, ta fito da wani mazurarin ƙarfe mai tsawon ɗani ɗaya da ɗan wani abu, ta kafa shi a kan faranti. Ta cika shi da kankare hawa uku, kowane hawa tana caccaka shi da sandar ƙarfe, sannan ta zare mazurarin a hankali. Kankaren ya ɗan zauna kamar malmalar tuwo, ya tsaya da ƙafarsa. Ta auna da rula ta ce ruwan ya yi daidai, a ci gaba a haka. Yusha'u ya ce wa na kusa da shi, da muryar da kowa zai ji, irin wannan wasan jikokinsa ke yi da gwangwanin madara a kan yashi, bai san har digiri ake ba da wa a kansa ba.

Hafiza ta yi murmushi kawai. Ta sauke wasu akwatunan ƙarfe guda shida masu kusurwa huɗu, kowanne bai kai ɗani ɗaya ba. Ta ce a cika su daga cikin kwaɓin da ake zubawa a kwalbatin, ba wani daban ba. Gobe a buɗe su, za a ga dunƙule shida, waɗanda su a wurin aiki suke kira kiyub. A jefa su cikin ruwa. Rana ta bakwai za a kai uku inji ya matse su har su fashe, sauran ukun sai rana ta ashirin da takwas. Lambar da injin ya nuna ita ce ƙarfin kwalbatin. Tana gama bayani aka yi mata waya daga wani aiki a Kawo, ta damƙa wa shugaban aiki amana ta tafi.

Motarta ba ta gama juya kwana ba Yusha'u ya tara ma'aikata ya buɗe musu shirinsa. Ya ce duk aikin da ya amsa sunansa yana da ginshiƙi a gefe, mai ɗauke da sunan injiniyan da ya tsaya a kai. Saboda haka a ware buhu uku da rodi huɗu, za a kafa ginshiƙi nan jikin famfon alwala, inda duk mai wucewa zai gani.

Nazifi ya ce buhu bakwai ba za su cika kwalbatin ba. Yusha'u ya ce za su cika har su yi saura, a ƙara yashi, a sake masa ruwa. Ya ce wannan kwaɓin na Hafiza ya yi tauri, yana wahalar da shebur, shi kuwa kankare in ya sha ruwa yaɗuwa yake kamar kunu, ya shiga ko'ina da kansa.

"Baba," in ji Nazifi, "kunu sha ake yi, ba a bi ta kansa da mota."

Yusha'u ya tambaye shi fayil nawa ya taɓa ɗauka a rayuwarsa. Nazifi ya ce ko ɗaya. Yusha'u ya ce to ya kama shebur. Maginin ya waiwaya neman wani babba, ya ga liman yana ciki yana biya wa ɗalibai karatu, Alhaji Ja'afaru kuma ya tafi gaisuwar mutuwa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai ya faɗa, leburori su shaida.

Haka aka zare rodi huɗu daga cikin kwalbatin, aka yi ta tuttula ruwa, kankaren yana gudu a kan katako, ruwan simintin yana tsiyaya ta ƙasa cikin lambatu. Ginshiƙin kuwa Yusha'u da kansa ya tsaya a kan kwaɓinsa, siminti ya fi komai yawa, ruwa kaɗan kada sunan ya zame. Daga wannan kwaɓin ne ya cika akwatunan Hafiza guda shida, yana dariya ƙasa-ƙasa. Ya ce wa Nazifi so yake injin nan ya ciji abin da zai zubar masa da haƙora, yarinya ta san akwai manya. Washegari da aka cire katakon ginshiƙin aka shafe fuskarsa, ya ɗauki ƙusa ya rubuta tun yana ɗanye: An gina wannan kwalbati ƙarƙashin kulawar Injiniya Yusha'u.

Da yamma Hafiza ta yi waya ta tuna masa a riƙa ba kwalbatin ruwa safe da yamma, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna, don ruwa ne ke ƙara wa kankare ƙarfi yana kwance. Ya ce to, ya kashe waya, ya gaya wa 'yan majalisa cewa yarinyar nan so take ta kunyata shi. Kwalbatin ya sha ruwansa tun a kwaɓi har ya ƙoshi, yanzu rana yake bukata ya bushe. Wa ya taɓa jin an jiƙa abu don ya yi tauri? Ya ɗauko kujera ya kafa a bakin layi, duk matar da ta fito da ruwan wanki sai ya kore ta can gaba. Rana kuwa irin ta bazarar Kaduna, mai sa kwalta laushi. Kafin kwana uku saman kwalbatin ya tsattsage kamar faso a diddige. Malam Zakariyya ya tsaya ya duba, ya tambaya ko a kawo masa man kaɗanya. Yusha'u ya ce Bazazzagi ba zai gane ba, ta nan kankare yake numfashi.

Su ma dunƙulen shida bai sa su a ruwa ba. Ya jera su a bayan kicin inda rana ta fi duka, ya ja kunnen kowa a gidan kada a matsa kusa, amma bai ce wa kowa ga abin da suke ba.

Rana ta biyar aka yi sunan jikarsa, wadda 'yarsa Lubna ta haifa, kuma a gidan aka yi girkin. Mata suka cika tsakar gida da manyan tukwane, aka rasa duwatsun murhu masu kai ɗaya. Matarsa Hansai ta leƙa bayan kicin, sai ga duwatsu shida, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, kamar an auna su don tukunyar shinkafa. Ta yi hamdala, aka kafa murhu biyu. Tun hantsi ake tura musu itace har la'asar sakaliya, shinkafa a ɗaya, miyar taushe a ɗaya, in ta tafaso ta malalo a kansu. Da aka gama aka watsa musu ruwa don a kashe garwashi. Yusha'u yana waje duk ranar, yana kai baƙi su ga ginshiƙi.

Sai ranar gwaji da safe ya zagaya ɗaukar kayansa, ya tarar da wuri wayam. Ya same su a tsakar gida, baƙi ƙirin, sun daddare, ɗaya ma kusurwarsa ta gutsure. Ya ƙwala wa Hansai kira. Ta fito tana goge hannu, ta ce dama tana son yi masa godiya, shekara talatin da biyar yana injiniyanci, sai yanzu ya kawo gida abin da aka amfana da shi. Ta ce maƙwabciya ma ta roƙi a yi mata uku.

"Kin san abin da kika dafa?" in ji shi. "Mutuncina kika ɗora wa tukunya."

"Ai kuwa ya ɗauka, Malam," in ji Hansai. "Ko gezau bai yi ba."

Ba lokacin faɗa, don 'yan rakiya na jira a waje. Ya zaɓi uku masu dama-dama, ya wanke su da omo da soson ƙarfe, ya dama ruwan siminti ya shafe su kamar ana yi wa amarya kwalliya, ya naɗe su a tsohon bargo. Alhaji Ja'afaru ya ja mota, Malam Zakariyya a gaba, Yusha'u a baya rungume da bargo.

A ɗakin gwajin Hafiza ta tarbe su. Ta nuna musu injin, wani ƙaton ƙarfe mai faranti biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da allon lamba a gefe. Ta ce ana son kwalbatin ya kai ashirin a rana ta ashirin da takwas, don haka yau in an ga sha uku ko sha huɗu, an kama hanya. Yusha'u, wanda ƙarfin halinsa ya dawo tun a mota, ya shawarci ma'aikacin da ke kula da injin da ya ja da baya, kuma ya tambaya ko suna da wani injin a ajiye, don ba ya son a ce shi ya tsayar musu da aiki.

Ma'aikacin ya ɗora dunƙulen farko, ya rufe ragar kariya, ya kunna. Lamba ta fara hawa: ɗaya, biyu, uku. Yusha'u ya toshe kunnuwansa. Tana kaiwa biyar dunƙulen ya yi wata 'yar ƙara kamar an taka ƙuliƙuli, ya zube. Na biyu ya kai shida. Na uku bai jira injin ya gama sauka ba.

Ma'aikacin ya ɗauki ɓaraguzan ya juya, cikinsu ja-ja da baƙi-baƙi. Ya kai hanci, ya sake kaiwa, sannan ya tambayi Hafiza a hankali ko ita ma tana jin ƙanshin daddawa. Malam Zakariyya ya karɓa ya shinshina, ya gyaɗa kai.

"Injiniya," in ji shi, "kankaren nan bai yi ƙarfi ba, amma wallahi ya dahu."

Yusha'u ya ce da gangan ya gasa su, ai jan bulo ma gasa shi ake yi. Da ya ga Hafiza ta zuba masa ido, sai ya ce a'a, Hansai ce, saboda haka gwajin nan bai ƙirgu ba, kwalbati kuwa yana can lafiya lau ba wanda ya girka komai a kansa. Hafiza ta ce ta yarda gwajin bai ƙirgu ba. Ta roƙe shi abu biyu: ya bari gobe ta zo da wata na'ura ta gwada jikin kwalbatin kansa, kuma kada a taɓa katakon da ya tokare shi sai ya yi sati uku. Yusha'u ya ce gobe ba ranar gwaji ba ce, ranar buɗewa ce, kuma kowa ya zo da shiga mai kyau.

Washegari kafinta ya ƙi cire tokaran, ya ce yana da iyali. Yusha'u ya tattare babbar rigarsa ya shiga lambatun da guduma ya kakkaɓe su da kansa. Ya fito da baƙin ruwa har gwiwa, ya shiga gida ya sake kaya. Kafin ƙarfe goma an jera kujeru, an ɗaura zare daga ginshiƙi zuwa sandar lantarki, mata sun cika ƙofofin gidaje. Har mutanen Malali da suka ji labarin dafaffen kankare sun tako.

Hafiza ta iso da na'urarta, wata aba kamar babbar tocila mai tsinke a baki. Ta danna ta a jikin kwalbatin sau goma, a wurare daban-daban, kowane dannawa sai garin yashi ya zubo, allurar kuma da ƙyar take motsi. Ta miƙe ta je kusa da shi, ta rage murya don kada ta kunyata shi.

"Baba, don Allah a bari. Ko kai kaɗai ka hau, hankalina ba zai kwanta ba."

Shi kuwa ya ɗaga murya ya ce tocilarta ba batir. Ya sa aka kwashe ragowar tsakuwa a buhuna aka cika but ɗin Fijo da kujerar baya, har bayan motar ya kusa taɓa ƙasa, don kada wani ya ce da motar wofi aka gwada. Hafiza ta je ta yi magana da mahaifinta da liman, aka sa kowa ya ja baya daga bakin lambatu. Yusha'u ya buɗe ƙofar gaba ya gayyaci Malam Zakariyya ya zo ya shiga tarihi. Liman ya ce ya gode, daga nan ma yana gani, kuma dole a bar wanda zai yi addu'a a waje.

Aka yanke zare. Yusha'u ya murɗa makulli, Fijo ta yi tari ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta ƙi. Ya leƙo ya ce a tura. Maza huɗu suka dafa bayanta suka turo, suna kaiwa bakin kwalbati suka cire hannu tare kamar an ba su umarni. Motar ta gangara a hankali, ƙafafun gaba suka haye, na baya suka hau, ta tsaya cak da nauyin tsakuwar a tsakiyar kwalbatin.

Ba abin da ya faru. Wasu suka fara tafi. Yusha'u ya fito, ya tsaya a gefen motar ya ɗaga hannu biyu kamar ɗan takara. Sannan ya nemi a yi shiru. Ya zaro makullinsa, ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa kankaren sau uku, ya kara kunne.

"Kun ji?" in ji shi.

Kowa ya ji. Wata ƙara ce ta taso daga ƙasa, kamar ana yaga sabon yadi. Tsagar ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, kwalbatin ya lotsa ta tsakiya ba gaggawa, bayan Fijo ya nutse, gabanta ya ɗaga sama tana kallon hasumiyar masallaci. Yusha'u ya zame a zaune ya sauka cikin lambatu, ruwa har ƙugu. Hular kwano ta fice, ta faɗa a rigingine, ta kama hanya tana juyawa a kan ruwa.

Da aka tabbatar ko ƙwarzane bai yi ba, sai dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle. Yusha'u, yana zaune a wurinsa, ya bayyana cewa ƙasa ce ta motsa, kuma zai rubuta rahoto. Nazifi ya matso bakin rami ya ba da nasa rahoton da baki: buhu uku, rodi huɗu, da ruwa kamar za a yi wa gari kunu. Hafiza ta tsinci wani ɓalli ta murtsuke shi da yatsu biyu, sannan ta miƙa wa Baba hannu aka jawo shi. Hansai ta aiko daga ƙofar gida a tambaya ko sauran duwatsun ukun yanzu sun zama nata. Malam Zakariyya kuwa ya bi lambatun da sandarsa har ya tare hular, ya ɗauraye ta a famfo, ya rataye a jikin randar masallaci.

Sati biyu bayan haka aka sake aikin, Hafiza a tsaye daga kwanon farko har na ƙarshe, dunƙule shida kuma a cikin durom ɗin ruwa a gidan liman. Da aka zo gyara bakin hanya aka ce a tumɓuke ginshiƙin, tunda ya ci wuri. Leburori biyu suka yi ta dukansa da babbar guduma tun safe, ƙotar guduma ta karye, ginshiƙi ko harafi ɗaya bai zubar ba. Hafiza ta danna masa na'urarta, ta duba, ta sake dannawa. Ta ce a duk layin nan babu kankaren da ya kama ƙafarsa.

Malam Yusha'u, wanda kwana biyu ba a ji muryarsa ba, ya yi gyaran murya ya ce dama ya faɗa. Hafiza ta nuna masa gindin ginshiƙin, jiƙe sharkaf. Ta ce simintin ya taimaka, amma tun ranar da aka kafa shi a jikin famfo yake shan ruwan alwala sau biyar a rana, shi kaɗai ne abin da Baba ya manta bai hana ruwa ba. Aka bar shi a tsaye, don ba mai iya cire shi.

Kwamitin layi bai so dattijo ya zauna ba aiki ba, sai aka ɗora masa ba wa sabon kwalbati ruwa, safe da yamma. Malam Zakariyya ya ce zai riƙa ba shi aron moɗar masallaci, da sharaɗin ya mayar in ya gama. Haka aka riƙa ganinsa da hular zanna kaɗai, yana kamfatar ruwa da hular kwano yana watsa wa buhuna, yana kuma yi wa masu wucewa bayanin cewa kankare ba ya ƙarfi sai da ruwa, abin da ya daɗe yana faɗa ba a saurara ba.

Wata yamma wani baƙo ya tsaya ya karanta rubutun ginshiƙin, ya dubi sabon kwalbatin ya yaba. Ya tambayi masu zama a ƙofar masallaci ko wane ne wannan Injiniya Yusha'u, yana son ya gaishe shi. Malam Yusha'u ya miƙe zumbur, ya gyara wuyan riga, ya ɗaga hular kwano ya kifa a kansa. Ya manta cewa yanzun nan ya cika ta da ruwa.

Malam Zakariyya ya jira ruwan ya gama sauka ta gemu, sannan ya juya wurin baƙon.

"Shi ne wannan," in ji shi. "Yau muka fara ba shi ruwa. Ka dawo bayan kwana ashirin da takwas, sai mu ga ko ya yi ƙarfi."